Addu'a Ba A Auna Ta Da Cokali

Idan magani ya ƙi aiki, akwai tambayoyin da aka koya wa kowane mai harhaɗa magunguna ya yi kafin ya yanke hukunci. Shin adadin da aka rubuta ya isa? An sha shi a kan lokaci, ko ana tsallake kwanaki? Na gaske ne ko jabu? An ajiye shi a inuwa, ko rana ta dafa shi a bakin taga? Akwai wani abin da majinyaci yake ci ko yake sha wanda ke karya ƙarfinsa? Tambayoyi ne masu kyau, domin ƙwaya aba ce da ake aunawa. Tana da nauyi, tana da lokacin da take ɗauka kafin ta narke ta shiga jini, da lokacin da hanta da ƙoda za su fitar da ita. In ta gaza akwai dalili, kuma sau da yawa dalilin yana hannun mutum.

Abin da ke damuna shi ne yadda muka kwashi waɗannan tambayoyi ɗungurungum muka ɗora wa addu'a. An yi wa mara lafiya addu'a, dattawan ikkilisiya sun zo sun shafe shi da mai, zumuntar mata sun kwana a kansa, amma gari ya waye ciwo yana nan inda yake. Nan take sai a fara bincike irin na ɗakin magani. Wani ya ce bangaskiyarsa ce ba ta kai ba, a ƙara. Wata ta ce azumin kwana uku ya yi kaɗan, a mai da shi bakwai, in ya ƙi a kai ashirin da ɗaya. A ce wannan faston ba shi da shafewa, a nemi wani a wani gari. A ƙarshe a rage murya a ce wataƙila akwai ɓoyayyen zunubi, ko la'anar kakanni ce ta tare hanya. Mutumin da ya kwanta da ciwo ɗaya sai ya tashi da biyu: wanda ke jikinsa, da zargin cewa shi ne ya hana kansa warkewa. Na sha ganin wannan ciwo na biyu a fuskokin masu zuwa karɓar magani, kuma babu abin da ke kan kantarmu da yake taɓa shi.

A matsayina na mai bi, ina yi wa marasa lafiya addu'ar warkewa, kuma ba zan daina ba. Amma na tabbata addu'a magana ce tsakanin ɗa da Uba, kuma uba yana da ikon ya ce i, ya ce a'a, ya ce dakata, ko ya yi shiru. An taɓa gwada addu'a kamar yadda muke gwada sabuwar ƙwaya. A wani bincike da Dokta Herbert Benson ya jagoranta a asibitoci shida na Amurka, wanda aka wallafa a 2006, an raba mutum 1,802 da aka yi wa tiyatar jijiyoyin zuciya gida uku. Wasu an yi musu addu'a ba su da tabbas, wasu ba a yi musu ba, wasu kuma an yi an gaya musu. Ba a ga bambanci tsakanin rukuni biyu na farko ba, rukuni na uku ma matsalolin bayan tiyata sun ɗan fi yawa a cikinsu. Marasa addini sun yi murna, wasu masu bi sun ji kunya. Ni kam ban ga abin murna ko na kunya ba. Wanda ya auna amsar Ubangiji da ma'aunin ƙwaya ya riga ya ɗauka cewa Ubangiji sinadari ne, da za a zuba masa kaza ya ba da kaza. Abin takaici shi ne, mai wa'azin da ke cewa in ka ƙara azumi dole ka warke, shi ma wannan zaton yake yi, sai dai bai sani ba.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye addu'o'in da ba a amsa yadda aka roƙa ba. Manzo Bulus, wanda ake ɗaukar ƙyallayen da suka taɓa jikinsa a kai wa marasa lafiya su warke, shi da kansa ya ba da labari a 2 Korintiyawa sura 12 cewa yana da wata ƙaya a jiki, ya roƙi Ubangiji har sau uku a cire masa, ba a cire ba. Amsar da ya samu ita ce alherin Allah zai ishe shi tare da ƙayar. Wa zai tsaya ya ce bangaskiyar Bulus ce ba ta kai adadi ba? A wasiƙarsa ta ƙarshe ga Timoti ya faɗa a fili cewa ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba shi da lafiya, bai kuma ji bukatar kare kansa ba. Timoti ɗin ma mai yawan laulayi ne, ciwon ciki yana damunsa, kuma abin da Bulus ya aika masa shawara ce irin ta masu magani na wancan zamani game da abin da zai riƙa sha. Annabi Elisha, wanda ta bakinsa Na'aman ya rabu da kuturta, ciwo ne ya kwantar da shi har ya mutu, kamar yadda 2 Sarakuna sura 13 ta nuna. Sarki Dawuda ya yi azumi kwana bakwai yana kwance a ƙasa saboda jaririnsa, jaririn ya rasu.

Sai kuma Gatsemani, inda duk wata gardama ya kamata ta tsaya. Yesu da kansa ya roƙi Uba sau uku a ɗauke masa ƙoƙon wahala in mai yiwuwa ne, ya kuma miƙa kansa ga nufin Uban. Ba a ɗauke ƙoƙon ba. Ba shi da zunubin da za a tono, ba shi da la'anar kakanni, ba wanda ya fi shi kusa da Uba. Duk koyarwar da ta ce rashin amsa alama ce ta raunin bangaskiya, sai ta fara bi ta cikin wannan lambu ta yi bayanin abin da ya faru a can.

Na san abin da wani zai ce, kuma ba zan wofintar da shi ba. Yakubu sura 5 ta umarci mara lafiya ya kira dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a suna shafa masa mai, ta kuma yi alkawari mai nauyi game da addu'ar bangaskiya. Yesu ya yi magana mai ƙarfi a Markus sura 11 game da roƙo da gaskatawa. Waɗannan ayoyi suna nan, kuma su ne dalilin da ya sa muke roƙo gabagaɗi, ba da rabin zuciya ba. Duk wanda ya daɗe a asibiti ya ga mutumin da aka cire rai da shi ya tashi ya koma gida da ƙafarsa, likitoci suna kallon juna. Amma littafin da ya ƙunshi Yakubu 5 shi ne ya ƙunshi ƙayar Bulus, kuma ba mu da izinin yage shafi ɗaya don mu riƙe ɗaya. Ibraniyawa sura 11 ta jera waɗanda suka tsira daga bakin zaki da kaifin takobi ta wurin bangaskiya, sa'an nan ba tare da ta sauya numfashi ba ta jera waɗanda aka jejjefe da waɗanda takobin ya ci, ta ce dukansu an yaba musu saboda bangaskiya ɗaya. A majami'unmu rukunin farko kaɗai muke ba makirufo ranar ba da shaida. Rukuni na biyu suna zaune a kujerun baya da ledar magani a jaka, suna tafi wa wasu.

To mene ne begen Kirista, in ba alkawarin warkewa ba ne? A nan aikina ya koya mini wani abu da ban samu a makarantar Lahadi ba. Idan kuka dubi kantar ɗakin magani na kowane babban asibiti, za ku tarar magungunan da ke kashe cuta su raba mutum da ita kwata-kwata, irin na zazzaɓin cizon sauro da na tarin fuka da na tsutsar ciki, su ne marasa rinjaye. Mafi yawan abin da muke miƙawa ta taga kullum, na hawan jini ne, da ciwon suga, da farfaɗiya, da asma, da sikila, da cuta mai karya garkuwar jiki. Ba ɗaya daga cikinsu da ke warkarwa. Suna riƙe mutum ne ya rayu tare da ciwonsa, ya yi noma, ya aurar da 'ya'yansa, ya ga jikoki. Kafin a fara yi wa mutane allurar insulin a Toronto a 1922, yaron da ya kamu da ciwon suga mai bukatarta da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu. Yau yana iya tsufa. Bai warke ba, amma wa zai ce ba a yi masa jinƙai ba? Mu ne muka ƙuntata ma'anar amsar addu'a har ta zama abu ɗaya tak, wato ciwo ya ɓace a daren nan. Shekara talatin da aka ƙara wa mai hawan jini ta hanyar ƙwaya guda kowace safiya ba ma lissafa ta cikin amsa, domin ba ta zo da ihu ba.

Bayan wannan kuma akwai abin da ya fi zurfi. Li'azaru da aka tashe shi daga kabari ya sake mutuwa. Makafi da guragu da kutaren da Yesu ya warkar, babu ko ɗaya da ya rage a duniya. Warkarwar da aka yi musu alama ce mai nuna wani abu da ke gaba, kamar yadda hadari ke nuna damina. Abin da take nunawa shi ne tashin matattu, da sabon jikin da 1 Korintiyawa sura 15 ta yi dogon bayani a kansa, da ranar da Wahayin Yahaya sura 21 ta ce mutuwa da kuka da azaba za su ƙare. Romawa sura 8 ta ce abin da ido ya riga ya gani ba a kiransa bege, ta kuma kwatanta dukan halitta da mace mai naƙuda, har da mu masu bi muna nishi muna jiran fansar jikunanmu. Ashe nishin yana cikin lissafi tun farko. Begen da aka kafa a kan sakamakon gwajin wata mai zuwa, gwajin zai iya rushe shi. Wanda aka kafa a kan kabarin da aka tarar babu kowa, ba abin da ɗakin gwaji zai rubuta da zai kai gare shi.

Da a ce kuskuren nan a zuciya kawai yake tsayawa, da na bar wa fastoci maganarsa. Amma yana kashe mutane, kuma ta taga irin tawa ake fara ganin alamarsa, lokacin da katin wani ya yi wata uku ba a zo da shi ba. An gaya masa a wurin taron addu'a cewa ya warke, kuma ci gaba da shan magani shakka ce. Wani ma a gaban jama'a aka sa ya zubar da ƙwayoyinsa.

Bari in bayyana abin da ya sa wannan tarko yake kama har masu hankali. Hawan jini ba ya ciwo. Mutum na iya yawo da jinin da ya hau ƙwarai yana jin garau, har ranar da ɓarin jikinsa zai shanye ko ƙodarsa ta gaza. Ƙari a kan haka, ƙwayar amlodifin da yawancin masu hawan jini ke sha tana daɗewa a jiki, sai ta yi awa 30 zuwa 50 kafin rabinta ya fita. Wanda ya daina sha ranar Lahadi, in ya auna jininsa ranar Talata zai iya ganin lamba mai kyau, ya tashi a majami'a ya ba da shaida da zuciya ɗaya. Ragowar maganin ne ke aiki, kuma kafin mako biyu jinin ya koma inda ya fito. Mai shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki yadda ya kamata, yakan kai matsayin da na'ura ba ta iya ganin ƙwayar cutar a jininsa. Wannan babbar nasara ce, amma cutar ɓuya ta yi. In an daina magani takan dawo cikin makonni kaɗan, wani lokaci ta dawo da taurin kan da maganin farko ba zai ƙara cin ta ba. Mai tarin fuka yakan ji ƙarfi bayan mako biyu ko uku da fara magani, alhali wata shida ne cikakken zangon, kuma yankewa a tsakiya ita ce ke haifar da tarin da ba ya jin magani, wanda zai ɗauka ya kai wa 'ya'yansa a ɗaki. Mai farfaɗiya da ya yanke kabamazafin ko finobabiton farat ɗaya na iya faɗawa cikin jijjigar da ba ta tsayawa. Wanda ya daɗe yana shan furednisolon ba a tsayar masa da shi rana ɗaya, sai a hankali, domin jikinsa ya rage sarrafa nasa sinadarin. Yaro mai dogaro da insulin kuwa, kwana ɗaya ko biyu babu allura sun isa su kai shi ga suma.

Ga wanda ya gaskata cewa Allah ya taɓa shi, ba na cewa ƙarya yake yi. Ina cewa ya bi tsarin da Yesu ya bi. Sa'ad da ya warkar da kutare, ya aike su su nuna kansu ga firist, domin bisa ga Littafin Firistoci sura 13 da 14 firist ne mai duba fata ya tabbatar ko cuta ta tafi, wato shi ne jami'in lafiya na zamanin. Ku ci gaba da shan maganinku, ku zo a auna, a sake aunawa bayan wata ɗaya da wata uku. In da gaske an warke, likita da kansa zai rage magani har ya tsayar, kuma shaidarku za ta fi ƙarfi da takarda a hannu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya hana ku zuwa gwaji, ku tambayi kanku abin da yake tsoro.

Haka batun azumi. Mai shan gilibenkilamaid ko mai allurar insulin da ya shiga azumi bai gyara adadin maganinsa ba, sugansa na iya faɗuwa ƙasa warwas. Alamunsa gumi ne da rawar jiki da ruɗewa, kuma a tsakiyar taron addu'a an sha fassara su da wani abu dabam, ana ta tsawata wa aljani alhali cokali uku na suga a ruwa ake bukata. Azumin da ba a shan ko ruwa haɗari ne ga mai sikila, domin ƙarancin ruwa a jiki na daga cikin abubuwan da ke tayar da ciwon, haka ma ga mai ciwon ƙoda. In ana so a yi azumi saboda mara lafiya, masu lafiya su yi a madadinsa. Abokan shanyayyen nan na Markus sura 2 su ne suka ɗauki gado suka fasa rufi, ba su ce masa ya tashi ya taya su ba.

Tarihin bishara a ƙasarmu ma bai goyi bayan raba addu'a da magani ba. A Disamba 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da nufin shigowa arewa. Mahaifiyar Gowans mace ce mai naciya a addu'a, ita ce ma ta zuga Bingham ya bi ɗanta. Kafin 1894 ta ƙare ciwo ya kashe Gowans a Girku, ya kashe Kent a Bida. Daga wannan mishan da ta fara da kaburbura biyu ne ikkilisiyar ECWA ta fito. A 1902 wani mai kantin magani daga Toronto, Andrew Stirrett, ya sayar da abin da ya mallaka ya zo ya shiga aikin. Hausawa suka sa masa suna Bature Mai Magani. Ya dage a kan shan kwinin a kai a kai don kare kai daga zazzaɓi, ya zauna a ƙasar nan har rasuwarsa a 1948, yana kuma cikin waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, tare da Likita Miller na Wusasa. Littafin da muke buɗewa mu yi addu'a da harshenmu, hannuwan masu ba da magani ne suka juya shi. Asibitin Vom, da na Garkida, da asibitin ido na Kano, da na Galmi a Nijar, mutanen da ke durƙusawa kowace safiya ne suka gina su. Ba su ga saɓani ba. Ko Sarki Hezekiya da aka ƙara wa shekara goma sha biyar bayan ya yi kuka ga Allah, Annabi Ishaya ya sa an manna masa curin ɓaure a kan marurun.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi a wannan lamari iyayen masu sikila ne. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayar halittar, kuma kiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar shi ne ana haifar jarirai kimanin 150,000 da cutar kowace shekara a ƙasar. Uwa ta yi shekara goma sha biyar tana addu'a iri ɗaya, tana kwana a benci, tana jin ɗanta yana kiran sunanta da ƙarfe biyun dare saboda ciwon ƙashi. Sai wata 'yar'uwa a majami'a ta ja ta gefe ta ce ta binciki rayuwarta. Almajirai sun yi wa Yesu irin wannan tambaya a Yahaya sura 9 game da wanda aka haifa makaho, ko laifinsa ne ko na iyayensa, ya ce ba ko ɗaya. Abin da uwar nan take bukata shi ne a gaya mata akwai haidiroksiyuriya, wanda ke rage yawan tashin ciwon ga masu yawa in likita yana bibiyar jininsu, a taya ta sayen maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da gidan sauro, samarin majami'a kuma su san rukunin jininsu kafin daren da za a bukace shi.

Akwai wata al'ada tamu da nake ƙauna, nake kuma jin tsoronta. In aka ce wa mara lafiya yaya jiki, amsa ɗaya ce: da sauƙi. Ko numfashi yana sarƙewa, da sauƙi. Ladabi ne da tawakkali, maƙwabtanmu Musulmi da mu duk haka muka tashi. Amma in an haɗa ta da koyarwar da ke cewa furta ciwo gayyatar ciwo ne, sai mara lafiya ya rasa inda zai faɗi gaskiya, har a gaban likita, har a gaban Allah. Littafin Zabura bai san wannan kunya ba. Zabura ta 13 tambaya ce a kan tambaya game da tsawon lokacin da Allah zai yi shiru. Zabura ta 88 ta fara da kuka ta ƙare a cikin duhu, ba ta juya ta yi yabo a ƙarshe ba, kuma an bar ta a cikin littafin waƙoƙin sujada. Wanda ya ce wa Allah ya gaji, har yanzu da Allah yake magana. Ku masu zuwa dubiya, ku tuna abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, kuma wannan ne kaɗai abin kirkin da suka yi. Da suka buɗe baki suka fara neman dalilin ciwonsa, Allah da kansa ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba.

Wuri mafi wuya shi ne inda likita ya ce ciwon daji ya bazu, ko ƙoda ta kai inda ba ta dawowa. Iyalai da yawa suna ƙin a rubuta mofin, domin a ganinsu karɓarsa sallamawa ce, kamar an ce wa Allah an fid da rai. Sai a bar tsoho yana murƙususu da farasitamol, ana rera waƙa a kansa. Ruwan mofin na sha, in an fara da kaɗan ana ba shi kowace awa huɗu ana ƙarawa gwargwadon zafin, ba ya gaggauta mutuwa, kuma mai ciwo na gaske da ake kula da shi da wuya ya zama ɗan maye. Yana sa taurin bayan gida, shi ya sa muke haɗa shi da mai sassautawa tun ranar farko. Ana samunsa a manyan asibitocin koyarwa, ku tambaya. Matar da ta kafa wannan fanni na kula da masu ciwon ajali a zamaninmu, Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan a 1967, Kirista ce mai ƙwazo, kuma ita ce ta koyar cewa zafin mai mutuwa ya haɗa jiki da zuciya da iyali da ruhu. Dokta Anne Merriman, wadda ta yi aikin mishan a Nijeriya kafin ta kafa irin wannan hidima a Uganda a 1993, ita ta yaɗa ruwan mofin mai araha a Afirka. Mutumin da aka kwantar wa zafi yana iya yin addu'a, ya karɓi jibin Ubangiji, ya yafe wa wanda zai yafe wa, ya faɗi inda takardun gona suke, ya sa wa jikokinsa albarka da sunayensu. Na ga iyalan da aka hana wannan duka saboda an ce kada kowa ya ambaci mutuwa a ɗakin, har ta zo ta tarar ba a yi sallama ba.

Ikkilisiya kuma tana da aikin da ya wuce dubiya da lemo. Kuɗin da ake cewa mara lafiya ya shuka a matsayin iri don ya girbi warkewa, sau da yawa daidai yake da kuɗin maganinsa na wata, kuma na ga wanda ya zaɓi iri ya bar insulin. Hanyar baikon ya kamata ta juya: daga asusun majami'a zuwa gadon mara lafiya. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, jihohi kuma suna da hukumominsu, irin su PLASCHEMA a Filato da KADCHMA a Kaduna. Majami'ar da ke iya sayen sabbin kayan kiɗa tana iya biya wa gwauraye ashirin kuɗin rajista na shekara. Zumuntar mata na iya raba kwanaki, wannan ta raka asibiti ranar Litinin, waccan ta kwana ranar Laraba don mai jinya ta samu barci. Mai jinya ma majinyaciya ce da ba a buɗe wa kati ba.

Kai kuma da kake kwance kana karanta wannan, wataƙila addu'a ta bushe a bakinka, ka buɗe Littafi ka rufe ba abin da ya shiga. Romawa sura 8 ɗin nan ta ce akwai lokacin da ba mu san abin da za mu roƙa ba, Ruhu ne ke roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa. Ka bar wasu su riƙe maka addu'ar na ɗan lokaci, kamar yadda ka bar su suna riƙe maka kofin ruwa. In ranar asibitinka ta zo, ka zuba duk abin da kake sha a leda ɗaya ka zo da shi taga: ƙwayoyin likita, da jiƙon da gwaggo ta aiko, da garin da aka ce a zuba a kunu, da ruwa ko man da aka ba ka a wurin addu'a. Ba za mu yi maka dariya ba. Man da ake shafawa a goshi ba ruwanmu da shi, ka ci gaba. Wanda ake sha ne muke so mu duba, domin wasu jiƙe-jiƙen suna wahalar da hanta da ƙoda, wasu kuma suna karo da maganin da ke riƙe da kai. In kuma ka riga ka daina shan wani magani makonni da suka wuce, ka faɗi ranar da ka daina, domin akwai waɗanda ba a komawa kansu da tsohon adadi sai an sake farawa daga ƙasa.